Baƙuwar Bayan Azahar

Shekarun baya, tun ina ɗanyar baƙuwa a Kaduna, wani abu ya same ni wanda har yau in zan ba da labarinsa rabi nake faɗa, rabin da ake yi wa dariya. Ɗaya rabin mu biyu muka san shi, ni da wata baiwar Allah, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa yau na ce bari in ba ku shi cikakke.

Ni haifaffiyar Kumasi ce, a ƙasar Gana. A zango na tashi, unguwar da Hausawa suka yi kaka-gida tun zamanin fataucin goro. Da Hausa na buɗe baki, don haka da aure ya kawo ni Najeriya ban ɗauki kaina baƙuwa ba, gani nake gida na dawo. Ashe Hausar ma kala-kala ce. Mu a can ba ruwanmu da rarrabe "ta" da "ya". Namiji ya zo, mace ya zo, akuya ya shiga gona, kowa "ya" ne, kuma muna fahimtar junanmu sarai. A Kaduna kuwa in na ce "mamana ya kira ni", sai in ga mata suna cusa baki cikin mayafi. Ni kuma ga taurin kai, ban ga abin gyarawa ba.

Maigidana Bakatsine ne, direban babbar mota. Yana ɗaukar kaya daga nan zuwa ƙasashen bakin teku, in ya tafi sai ya yi makonni. Ya kama mana ɗaki a wani gidan haya a Unguwar Kanawa. Mai gidan ya rasu 'yan watanni kafin mu tare, matarsa ce ke riƙe da gidan, kowa Hajiya yake ce mata. Ɗakin marigayin yana dab da zaure, an datse shi da kwaɗo, ba a ba kowa haya ba. Akwai ɗan dakali a bakin ƙofarsa. Ni ko hotonsa ban taɓa gani ba.

Da safe gidan kamar kasuwa, amma kafin hantsi ya watse. Hajiya ta tafi shagonta na atamfa. Maƙwabciyar ɗakina, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna mai koyarwa a firamare, wadda muke kira Malama, ba ta dawowa sai la'asar. Sauran ma kowa ya kama gabansa. Sai a bar ni ni kaɗai da kajin Hajiya, ga ciki ya fara fitowa, ga zafin bazara. Kewar gida ta dame ni ƙwarai a lokacin. Har sallamar mai talla nake fatan ji.

Wata rana na idar da sallar azahar na fito kwashe shanya, sai na ga tsohuwa zaune a kan dakalin nan. Ƙofar zaurenmu ta langa-langa ce, ko kaza ta goge ta sai ta yi ƙara, amma ban ji shigowarta ba. Doguwa ce siririya, da tsaga a gefen bakinta, ta jingine sanda a bango, tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Sannu 'yar nan. Ba ni ruwa."

Na ɗebo mata a randa da wani kofin silba da mahaifiyata ta sa min cikin kayan aure, wanda bakinsa ya ɗan lotsa tun a hanya. Ta shanye tas. Ta juya ta dubi zaure, ta ce, "Ya dawo?"

Na ɗauka maigidana take nufi, har na ji daɗi an san da zamanmu a unguwa. Na ce, "Bai dawo ba tukuna, Kaka, yana hanya."

"To, Allah ya dawo da shi lafiya."

Na shiga ajiye kofi, na fito babu ita. Na ce a raina tsohuwar nan akwai sauri.

Daga nan ta riƙa zuwa. Ba kullum ba, amma in za ta zo bayan azahar ne, kuma maganar ba ta canzawa: ruwa, sai "ya dawo?", sai addu'a. Na saba da ita har in ta kwana biyu ba ta zo ba sai in ji ba daɗi. Akwai abubuwan da na lura da su ban ba su muhimmanci ba. Ba ta sa takalmi, alhali ƙasa tana ƙuna kamar kaskon suya, kuma ƙafarta fes, ba ƙura ba kaushi. In tana zaune kaji sukan tattara su koma can bayan madafa su yi tsit. Sau ɗaya yatsunmu suka haɗu a jikin kofi, na ji su da sanyi kamar gindin randa.

Wata yamma muna zaune a tsakar gida, Hajiya tana tsince shinkafa a faranti, sai na ce, "Hajiya, wai wane ne mutumin nan da ke zuwa da rana in kun fita?"

"Wane mutum?"

"Ya tsufa ƙwarai. Yana zama a dakalin can, ya ce in ba shi ruwa."

Hannunta ya tsaya cikin shinkafa. Ta ce, "Yaya kamanninsa?"

"Dogo ne siriri, da sanda da carbi. Yana da tsaga nan gefen baki."

"Me yake ce miki?"

"Ba ya magana da yawa. Tambaya kawai yake ko maigidana ya dawo."

Hajiya ta ajiye faranti a ƙasa a hankali, tana salati ƙasa-ƙasa, ta shige ɗaki. Matar tela da ke ɗakin ƙarshe ta ja 'yarta ta goya, ita ma ta shige. Aka bar ni zaune ina tunanin ko wani abin kunya na faɗa, don na saba yin haka.

Ni mace nake nufi, su namiji suka ji. Kuma siffar da na zana ba ta kowa ba ce a kunnensu sai ta marigayi mai gidan, wanda a kan dakalin nan yake zama kullum bayan azahar, da sandarsa da carbinsa. Ba wanda ya fito ya gaya min haka, wai kada a firgita mai ciki. Abin da kawai ake ce min shi ne, "Ki daina ba shi ruwa. In ya yi magana kada ki amsa." Ni kuma "shi" ɗin nan daidai yake a kunnena, ban ji wani kuskure ba balle in gyara.

Hajiya ta rufe shago ta zauna gadi na wasu kwanaki. Tsohuwa ba ta zo ba. Ranar da ta koma kasuwa, ranar ta zo. Aka kira malami ya yi karatu, aka turara gidan da hayaƙi, aka ba ni rubutu na sha. Malama ma ta ce tana sa ni a addu'a a cocinsu. Sannu a hankali mata suka daina karɓar abincin da na zuba musu. In na fito tsakar gida sai hira ta mutu.

Magana ta kai kunnen yayar maigidana da ke Abakpa, wadda dama tun farko ba ta so ƙaninta ya tsallake 'yan matan Katsina kaf ya auro 'yar Gana ba. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofata, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Mu a zuri'armu ba mu san wannan ba. Mamaci yana tambayar direba ko ya dawo, kin san abin da hakan ke nufi kuwa?" Ta kira shi a waya ta faɗa masa abin da ta faɗa.

Da ya kira ni, daga wata iyakar ƙasa, murya tana yankewa, ya ce, "An ce kina ganin wanda ba ya duniya. Da gaske ne?"

Na ce, "Ni dai na gan shi da idona. Har hannunshi na taɓa."

Sannan ya ce, "In na dawo in maishe ki wajen Mama a Kumasi, ki haihu can, a nema maki magani. In kin samu lafiya sai a gani."

Wannan "sai a gani" ɗin na san shi. Na ga matan da aka mayar zango da sunan haihuwa, yaransu har sun shiga makaranta ba a zo ɗaukarsu ba. Ina son mijina, kuma ba na son in koma gidanmu da tambarin mai aljanu a goshi. Na yi kuka ranar har kaina ya yi ciwo. Ga kuma sabon tsoro, don sai a bakin yayarsa da wayar nan na fara jin cewa wadda nake ba ruwa ba ta duniya.

Washegari da na idar da azahar na kulle ƙofata na sa sakata. Gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Can sai na ji ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, a hankali. Ba ta tsaya a dakali ba wannan karon. Ta taho har bakin ƙofata. Ina ganin inuwar ƙafafunta ta ƙarƙashin ƙofa.

"'Yar nan, ba ni ruwa."

Na toshe bakina da hannu, na karanto duk abin da na haddace.

"Ƙishirwa nake ji, 'yar nan. Hanyar da nisa."

Muryar ba ta da ban tsoro ko kaɗan, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Muryar tsohuwa ce da ta gaji. Mahaifiyata ta hore mu cewa ko maƙiyinka ba ka hana shi ruwa. Na ɗebo a bokitin ɗaki, na zare sakata na turo kofin ta ɗan tsagin ƙofa, na mayar na rufe. Na ji tana haɗiya. Na ji ta ajiye kofi.

"Ya dawo?"

Ban amsa ba. Ta daɗe a tsaye, sannan inuwar ta gushe. Ban ji ƙarar ƙofar zaure ba.

Ranar Asabar, ana saura 'yan kwanaki maigidana ya iso, Malama ta ce in zo ta yi min kitso. Ita kaɗai ta rage mai yarda ta taɓa kaina. Tana cikin tsaga gashi ta rage murya ta ce, "Ni kam in tambaye ki, ƙanwata. In ya zo, babbar riga yake sawa, ko farin ƙyalle?"

Na ce, "Wane babbar riga? Zane ne da mayafi. Da ɗan kunne ƙarami."

Ta saki gashina. Ta zagayo ta tsuguna a gabana tana kallon idona. "Tsaya. Mutumin nan mace ce ko namiji?"

"Mace ne mana."

Malama ta zauna daɓas a ƙasa. Ta yi dariya har hawaye, tana dukan cinya, tana cewa, "Wayyo ni, ai kakata a ƙauye haka take yi, kowa 'ya' ne a wajenta. Yaya aka yi ban gane ba?" Ta ƙwala wa Hajiya kira. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika, ana sa ni ina maimaita "mace ne" ana faɗuwa. Matar tela har da riƙe ciki.

Hajiya ta fi kowa ɗaga murya. Ta ce, "Ai Yaya ce ta Kawo, yayar marigayi. Tsagarsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Tana nan da ranta. Kai, 'yar Gana, kin kusa kashe mu da Hausarki." Aka sake fashewa. Amma ni ina kusa da ita, na ga tana ta ɗaura ɗankwali yana kwancewa. Ta dube ni ta ce, "Ɗauko mayafinki ki raka ni, mu je ki gan ta hankalinki ya kwanta."

Muka hau mota zuwa Kawo, kitsona rabi a tsefe. Muka sauka wajen tasha, muka bi ta tsakanin masu shaguna da 'yan kamasho, muka shiga wani lungu. Surukar tsohuwar ce ta tare mu, matar ɗanta. Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi, Hajiya. Ƙafafun ne dai har yanzu. Kin san tun kafin rasuwar Baba maigidanki ba ta taka ƙasa ba, ko banɗaki ɗaukarta muke." Ta matso ta rage murya. "Don Allah kada a yi zancen rasuwar a gabanta. Har yau ce mata muke ya yi tafiya, saboda hawan jininta. Sai dai rikicin tsufa ya fara. Bayan azahar takan yi wani barci mai nauyi, ko girgiza ta ka yi ba ta motsi. In ta farka sai ta ce wai daga Unguwar Kanawa take, ƙaninta bai dawo ba tukuna."

Da Hajiya ba ta riƙe hannuna ba, da na koma da baya.

Tana kwance a katifa a ƙasa, an jingina ta da matashi. Ita ce. Sandar tana rataye can sama a jikin ƙusa, ƙura ta rufe ta. Ƙafafunta sun leƙo ta ƙarƙashin zane, sirara, fes, irin ƙafar da ta daɗe ba ta san ƙasa ba. Ta dubi Hajiya suka gaisa. Sannan ta dube ni, fuskarta ta washe.

"A'a, 'yar nan mai kofin silba. Ke ce ranar nan kika rufe min ƙofa."

Surukar ta yi 'yar dariya ta ce, "Kun ji irin abin da nake faɗa." Ni kuwa na durƙusa a gabanta. Na ce, "Ki yafe ni, Kaka."

"Ba komai, ai kin ba ni." Ta ɗan ɗago kai. "Ya dawo?"

Sai a lokacin na gane wanda take tambaya. Duk kwanakin nan ba mijina take nufi ba. Ƙaninta take jira, ni kuma ina ta ce mata yana hanya.

Surukar tana yi wa Hajiya alama da ido. Hajiya ta matsa ta durƙusa, ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu, ta ce, "Yaya, ba zai dawo ba. Mu ne za mu je mu same shi."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, bakinta yana motsi. Hawaye ya gangaro ta gefen tsagar nan. Da ta gama addu'arta ta ce, "To ai da kun faɗa min, da na huta da zirga-zirga. Ranar nan da zafi."

Da muka fito, ba mu kai tasha ba Hajiya ta ja ni gindin wata bishiya. Ta ce, "'Yar nan, me kika gani a gidan can?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "Kin ga tsohuwa, mace, da ranta, kuma ta gane ki. Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu, Hajiya."

"To iyakar abin da za ki faɗa ke nan, ko ga mijinki. Ke baƙuwa ce a garin nan, ba ki da uwa ba ki da uba a kusa. Gara su yi miki dariya da su ji tsoronki."

Haka aka yi. Maigidana ya dawo ya tarar da labari ya riga shi, ya yi dariya har ya ƙware, yana cewa shi da ya zauna da ni ya kamata ya fara ganewa. Yayarsa ta Abakpa ta taɓe baki ta ce a dai koya min magana, amma zancen mayar da ni gida ya mutu daga ranar. Unguwa ta laƙaba min suna "Mace Ne", har masu kayan miya da shi suke kirana. Matan da suka guje ni suka dawo suna karɓar abincina, suna sa ni in koya musu dafa shinkafa da wake irin ta Kumasi. Tsohuwa ba ta ƙara zuwa ba. Damina ba ta ƙare ba aka aiko mana da rasuwarta. Ni kuma a gidan nan na haihu, mace, kuma Hajiya ce ta yi min wankan jego.

Yanzu Hausata ta gyaru, har in na je Kumasi 'yan'uwana suna ce min 'yar Najeriya. Nakan yi tunanin abin nan in na ga sabuwar baƙuwa a unguwa ana yi wa maganarta dariya. Ba na hana su, don na san dariyar nan ita ta ba ni wurin zama a garin nan. Amma nakan matsa kusa in saurari abin da take son faɗa, in tambaye ta sau biyu. Abin da ya faru kuwa ban san sunansa ba. Ban tambayi malami ba, ban tambayi likita ba, Hajiya ma ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta koma ga Allah. Ban ƙara jin tsoron tsohuwar ba, tausayinta nake ji. Sai dai har gobe ba na son shirun gida bayan azahar, ko rediyo ne sai na kunna.

Mun ƙara shekaru a gidan kafin mu tashi. Lokacin da 'yata ta fara haɗa kalmomi, wata rana na idar da azahar na neme ta a ɗaki ban gan ta ba. Na fito na tarar da ita a kan dakalin nan, ta zauna ta miƙe 'yan ƙafafunta ba takalmi, ta rungume kofin silba da hannu biyu. Ta dubi zaure, ta dube ni, ta ce, "Ya dawo?"

Babanta take nufi, yana kan hanya a lokacin. Na san babanta take nufi. Amma ban amsa mata ba, na sunkuce ta na shige ɗaki, kuma daga ranar ban ƙara barin ta ta zauna a wurin ba.